Kan sarkin da babu sarki a kansa: labarin gauraka da sauran tsuntsayen gidan waya

A cikin wata tsohuwar adakar ƙarfe muka ga abin da ya ja mu ga wannan labari. Mun je Balan, a ƙaramar hukumar Gaya, gai da wani dattijo tsohon malamin firamare, muka tarar ya baje takardu a kan tabarma yana neman takardar wata gona. Cikin tarin akwai wani ambulan da tsufa ya mayar da shi jaja-jaja. Ƙanensa ne ya aiko masa daga Legas ta hannun makarantar da yake koyarwa, don a wancan lokaci haka wasiƙa ke isa ƙauye. Hatimin gidan waya ya dushe, amma da muka kai shi haske mun iya karanta 1967. A kusurwar dama ta sama an liƙa wata 'yar takarda mai zane, girmanta bai kai kwalin ashana ba. Zanen gauraka ne, da tukkun nan nasa kamar an fesa masa zinariya.

Jikokin malam suka zagaye mu, uku daga cikinsu 'yan sakandare. Babu wanda ya taɓa liƙa irin wannan takarda a kan wasiƙa. Wannan bai ba mu mamaki ba a zamanin WhatsApp. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne babu ko ɗaya da ya iya faɗin sunan tsuntsun. Ɗaya ya ce dawisu ne, ɗaya ya ce irin zabin Turawa ne. Shi kuwa kakansu ya ce da yana yaro ko daga cikin ɗaki yana gane kukan gauraka idan garkensu na wucewa zuwa fadama.

Wato abu biyu ne suka ɓace wa yaran nan a lokaci guda: takardar da kuma tsuntsun da ke kanta. Muna jin da yawa daga cikinku, a Gaya ko Ajingi ko cikin birnin Kano, haka za ku tsinci kanku. Shi ya sa yau za mu bi sawun su biyun.

Daga ina sunan "kan sarki" ya fito?

Kafin shekarar 1840, a Ingila wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, kuma kuɗin na ƙaruwa gwargwadon nisan tafiya da yawan takardun da ke ciki. Talaka sai ya juya wasiƙa ya duba, ya mayar wa mai kawowa ya ce ba shi da abin biya. Wani tsohon malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya kawo shawarar a juya abin: mai aikawa ya biya tun farko, farashi ɗaya mai sauƙi zuwa ko'ina a ƙasar, a liƙa wata 'yar takarda a matsayin shaidar ya biya. Ranar 6 ga Mayu, 1840 aka fara amfani da ita. Baƙa ce, kuɗinta kwabo ɗaya, a tsakiyarta kan Sarauniya Bictoriya. Ba ta da 'yan haƙoran nan na gefe, da almakashi ma'aikacin gidan waya ke yanka ta. Sai a 1854 aka fara huda layi tsakaninsu don a riƙa yagewa da hannu. Har yau Birtaniya ce kaɗai ƙasar da ba ta rubuta sunanta a kan nata, kan mai mulki ya ishe ta.

A ƙasarmu, Legas ce ta fara samun nata a 1874, Arewa kuma a 1900, duka da kan Bictoriya. Amma ku lura da lissafin shekaru. Bictoriya ta rasu a 1901, Turawa suka ci Kano a 1903. Saboda haka lokacin da Bakano ya fara sayen wannan takarda a gidan waya, kan namiji ya gani: Edward na Bakwai, bayansa George na Biyar, wanda kansa ne a kan na farko da aka rubuta wa "Nigeria" bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, daga baya kuma George na Shida. Kusan shekara hamsin ana ganin kan sarki. A ganinmu ba sai an je da nisa ba wajen neman asalin sunan. Bahaushe ya kira abu da abin da idonsa ya gani, sunan kuma ya zauna daram ko bayan an cire kan.

Mutanenmu ba baƙin wasiƙa ba ne kafin nan. Sarakuna da malamai da fatake sun daɗe suna rubuta wa juna da Larabci da ajami, manzo ya ɗauka a kan doki ko a ƙafa, wasiƙar fada kuma a buga mata hatimin sarki. Sabon abin da gidan waya ya kawo shi ne kowa, ko bai da manzo, zai iya sayen hanyar da kwabonsa.

Tsuntsun farko

Shekara biyar kacal bayan na Ingila tsuntsu ya hau kan sarki. Birnin Basel da ke ƙasar Suwizalan ba shi da sarkin da zai sa, sai wani mai zanen gine-gine, Melchior Berri, ya zana farar tattabara ɗauke da wasiƙa a bakinta. An fitar da shi a watan Yuli na 1845. Ba shafe take a kan takardar ba, an danno ta ne daga baya ta yi tudu, idan ka shafa da yatsa za ka ji ta. Shi ne kuma kan sarki na farko a duniya mai launi uku: baƙi, ja da shuɗi. Zaɓen tattabara ba ƙaramar dabara ba ce. Duk yaron da ya taɓa kiwon tattabaru ya san idan ka kai ta wani gari ka sake ta, gida za ta dawo, kuma da wannan hali nata mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna aika saƙo.

A 1854 Yammacin Ostireliya, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Ingila, ta yi abin da sauran 'yan uwanta ba su saba ba. Maimakon kan sarauniya sai ta sa baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan uwan dinya, wanda ake kira suwan. A shekara ta gaba aka yi kuskure wajen buga na kwabo huɗu, rubutun da ya kewaye tsuntsun ya fito a kife. Waɗanda suka rage a duniya daga wannan kuskure ba su kai ashirin ba, kuma masu tara kan sarki na zuba maƙudan kuɗi a kansu. Ku ji ikon Allah: wanda aka buga daidai yana da arha, wanda aka ɓata shi ne dukiya.

Japan ta fitar da jerin tsuntsaye uku a 1875. Gwatamala, a Amurka ta Tsakiya, ta sa koren tsuntsunta mai dogon wutsiya, ketsal, a 1879, daga baya ma kuɗin ƙasar gaba ɗaya aka raɗa masa sunan tsuntsun. Daga nan ƙofa ta buɗe. Yau da wuya ka sami ƙasar da ba ta taɓa sa tsuntsu ba.

Me ya sa gwamnatoci ke son tsuntsu haka? Muna ganin dalili biyu. Na farko, ba ya jawo rigima. Ka sa hoton shugaba, gobe a yi juyin mulki sai an janye takardun. Ka sa wani gari, sauran garuruwa su ce an ware su. Belbela kuwa ba ta da jam'iyya. Na biyu, tsuntsu yana jure ƙanƙancewa. Ka matse zanen kasuwar Wudil ta ranar Juma'a zuwa girman babban yatsa, sai ya zama tabo. Ka matse gauraka, tukkun nan kaɗai ya isa a gane shi.

Jerin 1965: ɗari, ahu, sisi, nai

Bayan samun 'yancin kai a 1960, kan sarauniya ya sauka daga takardunmu, aka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. A tambarin ƙasa dai an riga an ɗora jar mikiya, wadda 'yan ƙwallonmu suka ari sunanta. Jerin kan sarki na 1961 ya nuna ayyuka da wurare: mai haƙar kwal, masaƙa, ayarin raƙuma, filin jirgin saman Kano a kan na sule goma. Tsuntsu ɗaya ne ya samu shiga, wani ɗan uwan cilakowa na dazuzzukan kudu, a kan na sule ɗaya.

Jerin da ya biyo baya, wanda aka fara fitarwa a 1965 aka kammala a 1966, shi ne muke ganin ya fi duk wanda ƙasar nan ta taɓa yi kyau, kuma daga cikinsa na malam ya fito. Guda 14 ne, duka namun daji da tsuntsaye. Kafin mu lissafa su sai mun tuna muku kuɗin lokacin, don naira da kwabon da kuka sani sai ranar 1 ga Janairu, 1973 suka zo. A da, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Rabin kwabo ana ce masa ɗari, kwabo da rabi ahu, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai. Idan kun ji kaka tana cewa ba ta da ko sisi, ga inda maganar ta fito.

To, na ɗari zakanya ce da 'ya'yanta, na kwabo giwaye, na taro rabbi, na kwabo huɗu damisa. Manyan kuɗin aka ba maraya da raƙumin dawa da dorina, ɓauna ta ɗauki na fam guda. Sauran shidan duka na tsuntsaye ne. Na ahu ɗan ƙaramin tsuntsun nan ne mai ƙyalli da siririn baki lanƙwasasshe, wanda ke shan zaƙin furanni. Na kwabo biyu tsuntsaye ne masu saƙa sheƙa suna rataye ta a reshe, irin waɗanda ke cika bishiya da hayaniya da damina. Na sisi wani ƙaton ɗan uwan shamuwa ne mai baki ja da baƙi da ɗigon rawaya a sama kamar an ɗora masa sirdi, kuma saboda tsawon ƙafafunsa sai aka miƙar da takardar a tsaye. Na nai aku ne, mai toka-toka da jar wutsiya. Na sule tsuntsun bakin ruwa ne mai kamun kifi, mai shuɗin ƙirji. Gauraka ya samu sule da taro. Masu tsada irin wannan su aka fi liƙa wa wasiƙun da jirgin sama ke kaiwa ƙasashen waje, don haka gauraka ya shiga gidaje da ofisoshi a London da Jidda da New York yana wakiltarmu.

Wanda ya zana su Bafaranshe ne mai suna Maurice Fievet, wanda ya zagaya Nijeriya tare da matarsa yana zanen mutane da wurare, shi ne kuma ya zana jerin 1953 mai gyaɗa da mahayan Borno da gadar Jebba. Hannunsa ya ƙware, ba mu da ja. Amma abin lura ne cewa shekara biyar bayan 'yanci, baƙo ne ya zana mana tsuntsayenmu, a Turai aka buga su, sunayensu kuma da Turanci aka rubuta. Daga 1969 ne kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu na gwamnati da ke Legas ya karɓi sake buga wasu daga cikinsu, kuma masu lura kan gane bambancin ta ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan zanen. Daga baya masu zane 'yan ƙasa suka karɓi aikin.

Waɗannan tsuntsaye har yaƙi sun gani. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ɓangaren Biyafara ya ɗauki irin waɗannan kan sarki da suka rage a gidajen wayarsa, ya buga sunansa a kansu ya ci gaba da amfani da su. Gauraka ɗaya, zane ɗaya, ɓangarori biyu masu faɗa da juna kowa na liƙa shi.

Maƙwabtanmu ma sun riga mu. Jerin namun daji da Jamhuriyar Nijar ta fara fitarwa a 1959 yana da gauraka a kan ƙananan kuɗi, da wancan mai sirdi a baki, da jimina. Ba kwaikwayo ba ne, tsuntsayen ne ba su san iyaka ba.

Ina gauraka ya tafi?

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, gauraka ya kai tsawon mita guda idan ya miƙe. Jikinsa baƙi-baƙi ne, fukafukansa da fari, kumatunsa fari da ja-ja, a kansa tukku na siraran gashi masu ruwan zinariya. Yana cin fara da ƙwari da 'ya'yan ciyawa da ƙananan halittun fadama. Da damina yake sheƙa, a cikin ciyawar da ruwa ya kwanta, ba a kan bishiya ba, ko da yake a bishiya yake kwana, don yana da dogon yatsan baya da ke riƙe reshe. Namiji da mace kan yi rawa, su yi tsalle su buɗe fukafukai su rusuna wa juna. Shi ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Ɗan uwansa na gabashin Afirka, mai launin toka, shi ne a tsakiyar tutar Yuganda.

Lokacin da Fievet ya zana shi, dubbansa ne a Arewa, musamman fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin tafkin Chadi. Yau da ƙyar ake ganin 'yan tsiraru a daji a ƙasar nan, ƙungiyar kare halittu ta duniya kuma ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana.

Dalilan ba su yi nisa da ƙofar gidanmu ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangara ta Ringim zuwa Haɗejiya, inda a da ruwan ke malala kowace damina ya cika fadamu masu faɗin gaske. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba za mu zagi madatsun ba. Da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura. Amma ruwan da aka tare a sama, wani ne aka hana a ƙasa, kuma malalar da gauraka ke jira don ya yi sheƙa ta ragu. Farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara dagula abin. Fadamun da suka rage aka mayar da su gonaki, ciyawar kacalla ta toshe wasu hanyoyin ruwan.

Akwai kuma dalilin da ya fi ciwo, don ƙauna ce ta jawo shi. Saboda kyansa, masu hali ke son ganin gauraka na yawo a tsakar gida. Masu kamu sukan bi sheƙa su kwashe 'ya'yan, a kai kasuwa, wasu a fitar da su waje, wasu a sayar da sassan jikinsu ga masu magani. Tsuntsun da ba ya haihuwa da yawa, idan aka ɗebe 'ya'yansa shekara bayan shekara, ba sai an harbi ko ɗaya ba zai ƙare.

Ba shi kaɗai ba ne a cikin jerin nan. Aku na kan nai, kamu don sayarwa ya rage shi har a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Raƙumin dawa na kan sule biyar, idan kana son ganin irin namu na Afirka ta Yamma sai ka je yankin Kure, kusa da Yamai. Wanda ya jera takardun nan 14 a gabansa yau, kusan rajistar aji yake kira, wasu ɗaliban ba sa amsawa.

"Masu wuyar gani" da ke bayan gidanku

A 1984 gidan waya ya fitar da wasu guda huɗu a matsayin tsuntsaye masu wuyar gani. Mun yi dariya da muka duba su. Na kwabo 10 zalaiɗu ne, wanda namijinsa ke fitar da doguwar wutsiya da damina. Na kwabo 25 zakaran ƙeƙuwa, mai ihun bakin ruwa. Na kwabo 30 mulufi, wanda ke yin jawur a kan karan dawa. Na kwabo 45 fakara. Ɗan Balan da ya bi babansa gona da sassafe a watan Agusta yana iya ganin uku daga ciki kafin a kawo koko. Wataƙila a Legas suna da wuyar gani. Mu dai darasin da muka ɗauka shi ne wanda ke zaune a ofis ba lallai ya fi yaron gona sanin tsuntsu ba. Duk da haka muna son jerin, don a nan ne tsuntsayen gonar talakan Arewa suka samu shiga.

Ko zane a takarda na iya ceton tsuntsu? Shi kaɗai, a'a, gauraka shaida ne. Amma akwai inda aka haɗa takardar da aiki. A Amurka, tun 1934, duk baligin da zai yi farautar agwagin ruwa dole ya sayi wani kan sarki na musamman mai zanen agwagwa. Ba na wasiƙa ba ne, na lasisi ne, kuma kusan duk kuɗin ana zuba shi ne wajen saye da kare fadamun da tsuntsayen ke sauka. An tara sama da dala biliyan ɗaya ta wannan hanya. Kowace shekara gasa ake yi don zaɓen zanen, akwai kuma ɓangaren 'yan makaranta, inda zanen ɗalibi ke zama kan sarki na gaske.

Da ku aka ba aikin

A ce hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, wadda aka kafa a 1985, ta ce ɗaliban Gaya da Ajingi su zana mata tsuntsu ɗaya. Wanne za ku zaɓa? Mun yi wannan musu da jikokin malam har la'asar. Wani ya ce jan baki, don babu tsuntsun da manomin gero ya fi sani, 'yan uwansa suka ce ba a karrama ɓarawo. Wata ta ce belbela a bayan saniya. Mu shamuwa muka zaɓa. Tana zuwa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari ba tsoro, manomi ya ga ta iso ya fara gyaran garma. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma idan labarin ƙasar Kano ake son bayarwa, ba mu ga wanda ya fi ta ba.

Zaɓen shi ne mai sauƙi. Masu wannan sana'a sukan yi zanen da girma, sannan a ƙanƙanta shi, don haka duk layin da ya cika siriri ɓacewa yake yi. Gwajin da za ku iya yi a aji: ku zana a cikakken shafi, ku liƙa a allo, ku koma ƙarshen aji ku duba. Abin da ido ya kasa gani daga can, a kan sarki ma ba za a gan shi ba. Sai ku tambayi kanku wane abu ɗaya ne ke sa a gane tsuntsun nan. Ga gauraka tukku ne, ga zalaiɗu wutsiya, ga cilakowa baki. Wannan shi za ku ba fili, sauran ku rage. Siffar tsuntsun ce ke faɗin ko takardar a tsaye za ta kasance ko a kwance. Launi uku ko huɗu sun isa, kuma farin tsuntsu kamar belbela yana bukatar bayansa ya yi duhu. Kada ku manta dole a bar gurbin sunan ƙasa da na farashi, sannan hatimin gidan waya zai faɗo a kai ya rufe wani sashe. Abu na ƙarshe, wanda muke roƙonku: ku rubuta sunan tsuntsun da Hausa.

Kuma ku zana daga abin da kuka gani da idonku. Akwai ƙasashen da ke buga kan sarki da tsuntsayen da ba su taɓa sauka a ƙasarsu ba, har da na yankin ƙanƙara, don kawai su sayar wa masu tarawa a Turai. Suna da kyau, amma ba sa gaya wa kowa komai game da ƙasar da sunanta ke kai.

Idan kuna son fara tarawa, ba sai kun kashe ko kwabo ba. Ku tambayi kakanni da tsofaffin malamai da tsofaffin ma'aikata ko suna da wasiƙun da. Ku nemi izini, kuma abin da ke cikin ambulan sirrin mai shi ne, ba naku ba. Idan ambulan ɗin tsoho ne kada ku ɓamɓare kan sarkin, don hatimin da ke kansa, mai sunan gari da kwanan wata, shi ne rabin labarin. Na kwanan nan kuwa, ku yanke kusurwar ku jiƙa ta a ruwan sanyi na 'yan mintoci har takardar ta saki da kanta, ku kife shi a kan tsabtatacciyar takarda ya bushe, ku danne shi cikin littafi. Ban da gam, ban da salatif. Ku ɓoye su daga rana da laima da gara. Ranar 9 ga Oktoba ce ranar gidan waya ta duniya, tunawa da kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern a 1874, kuma ƙungiyar na shirya gasar rubuta wasiƙa ta yara 'yan ƙasa da shekara 16 kowace shekara. Malamin Turanci ko na Hausa zai iya tambayo muku a gidan waya mafi kusa.

Malam bai ba mu ambulan ɗin ba, mu ma ba mu roƙa ba. Ya bar jikarsa ta kwafi zanen a bayan littafinta na lissafi, ta rubuta "gauraka" a ƙasa da manyan baƙaƙe, sannan ya naɗe ambulan ɗin a leda ya mayar cikin adaka. Takardar gonar kuwa, har muka taso bai gan ta ba.